Baƙon da Ya Gaida Malam Modi

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta ba. Duk wanda ya kawo gyaran waya rumfata a kasuwar Bodinga, kafin ya faɗi abin da ke damun wayar sai ya ce, "Aminu, wai ka ga teku?" Na gan shi. Ruwa ne mai yawa, kuma ba a shan sa. Abokaina na majalisa kuwa tambayarsu ɗaya ce, ko gem ɗinmu ya ci ko ya faɗi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, wannan ya ji kai wancan ya ji wutsiya, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya zo neman dariya zai tsinci kaɗan a hanya, amma ni dai ba da dariya na dawo ba.

Ga wanda bai san tushen maganar ba, ni da Hadiza, ɗiyar kawuna da ke koyar da kwamfuta a wata makaranta a Shagari, mun daɗe muna gina wani wasan gem. Ita ke zane, ni ke haɗawa. Irin gem ɗin nan ne da kake shiga rigar wani mutum ka zama shi. A namu, kai mai korar shanu ne, za ka taso da garke daga Shagari a ƙafa har bakin teku, kamar yadda kakanmu Malam Modi ya yi ta yi a ƙuruciyarsa.

Irin wannan gem kashi biyu ne, kuma a kansa ni da Hadiza muka sha faɗa. Akwai wanda mai ginawa yake shimfiɗa maka hanya ɗaya, daga nan sai can, ba ka kauce ba, duk abin da ya tanada sai ka gani. Akwai kuma wanda ake sake maka ƙasa a buɗe, ka nufi inda ranka ya so, abin da ka tarar naka ne, abin da ka wuce ya wuce ka. Mu a tsakaninmu na farkon burtali muke kiransa, na biyun kuma daji. Hadiza burtali take so, tana cewa ba za ta kwashe watanni tana zana rijiya ba wani ya bi ta gefe bai gan ta ba. Ni kuwa daji nake so, kuma ina da taurin kai, kowa ya sani. Da muka kai ƙara wurin tsohon, sai ya ce, "Burtali cikin gonaki yake. Da kun wuce gonaki ba ku da hanya sai bakinku. Mai tambaya ba shi ɓata." Na ci shari'a ke nan. Muka gina daji, muka zuba mutane a cikinsa, kowa na zaune da abin da ya sani, wannan ta san rijiya, wancan ya san mashigin rafi.

Shi ma tsohon muka sa shi a ciki, da muryarsa ta gaske. Ranar da muke ɗaukar muryar a zaurensa ya ba mu labarin da ko mahaifiyata ba ta taɓa jin sa daga bakinsa ba. Yana da ƙane, Jaɓɓi, wanda kogin Kwara ya ci suna ƙetarewa da shanu. Mutanen wani ƙauye a can tsallaken su suka tsamo gawar, suka yi mata sutura da salla, alhali ba su san ko ɗan wane ne ba. Da ya gama sai ya ce, "Ku sa shi ciki. Ni ban iya komawa. Ina son mutanen ƙasag ga su ji godiyata." Muka zaunar da shi a gindin wata tsamiya can nesa da hanya, inda ba za ka sani ba sai wani a cikin gem ɗin ya kwatanta maka. Saboda haka da aka gayyace mu wani taron masu gina gem a Kwatano, ni a raina ba gasa ce ta kai ni ba. Saƙon tsoho na ɗauka.

Hadiza ba ta samu zuwa ba, ga makaranta ga jinyar kaka, don a lokacin ƙafafunsa sun kumbura, ba ya tashi sai an ɗaga shi. Ni kuma na samu gurbi a gaban wata babbar mota da ta yi lodin albasar Danchadi za ta Kwatano. Direban sunansa Garba, gajere mai yawan magana. Hanya ta Shagari take bi, don haka na roƙe shi ya tsaya in yi sallama. Na tarar da tsohon kwance a tabarma. Ya dube ni ya ce, "Abokina, kai da ko Tambuwal ba ka zuwa sai ka yi amai, kai za ka teku?" Na ce masa ai shi ƙafa ya sha, ni a kan kujera zan je kamar hakimi. Ya yi murmushi, sannan ya kama hannuna ya riƙe. "Ka bari su ji," ya ce. Na ce in sha Allahu.

Wanda bai taɓa tafiya a motar albasa ba kada ya yi mini maganar wahala. Kafin Jega warin ya shiga rigata, ya shiga jakata, har kilishin da aka yi mini guzuri sai da ya koma ɗanɗanon albasa. Gaba da Jega taya ta fashe, muka yini a gefen titi ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Garba yana ƙarƙashin mota bakinsa bai tsaya ba, ya ba ni tarihin kowane rami da ke titin da irin abin da ya taɓa karya masa. Da na yi ƙoƙarin bayyana masa aikina sai ya leƙo ya ce, "Wato kai shanu kaka kora amma ba ka taka kashinsu? Lalle kun more." Na miƙa masa sifana.

Washegari da hantsi muka hau gadar Kwara. Na yi zaton zan ga wani abu mai ban tsoro, sai na ga ruwa shimfiɗe yana tafiya a hankali, da masunta a cikin kwale-kwale, da mata suna wanki a gaɓa. Na leƙa ta taga ina auna faɗinsa, ina tunanin mutum da sanda a hannu da garke a gabansa. Garba ya lura na yi shiru, ya rage gudu bai ce komai ba har muka sauka. Wannan ne kaɗai wurin da na ji bakinsa ya mutu a duk tafiyar.

A kan iyaka bayan garin Tsamiya aka nemi takarduna. Katin riga-kafina ya kwana a jaka ɗaya da kilishi, ya sha mai har rubutun na neman ɓacewa. Jami'in da ya karɓa ya ɗaga shi sama ya duba ta hasken rana, ya sunsuna, ya tambaya da wata Hausa mai nauyi ko a kasko aka yi mini allurar. Sannan ya nuna jakar kwamfutata ya ce me ke ciki. Kafin in buɗe baki Garba ya ce, "Shanu na, ranka shi daɗe, garke guda." Jami'in ya tsuke fuska ya ce to ina takardar shanun. Sai da na kunna ya ga shanun da idonsa suna kaɗa jela, ya kira abokin aikinsa suka sha dariya, suka buga mini hatimi.

Daga nan duniya ta fara sauyawa. Allunan hanya suka koma Faransanci, burodi ya koma dogo mai tauri kamar sanda, mata suka fara wuce mu a kan babura da goyo a baya ba wanda ya ko waiga. A Kandi muka tsaya wurin wani mai shayi dattijo da ke jin Hausa. Abin da kawai kakana ke iya tunawa game da ƙauyen da aka binne Jaɓɓi shi ne yana kusa da ruwa, kuma akwai rimi biyu a bakin garin. Bayan mun gaisa na tambayi dattijon ko ya san irin wannan gari. Ya ajiye ludayinsa ya ce, "Ɗana, duk garin da ke bakin kogin nan yana da rimi, kuma duk yana da kabarin baƙo. Wanne zan nuna maka?" Ya ƙara mini shayi, ya ƙi karɓar komai a kansa.

A Paraku na ci sakwara da wani jan cukwi na Fulanin can, mai laushi, ana soya shi a jefa cikin miya. Ya yi mini daɗi fiye da kima, na ƙara, kuma cikina bai yafe mini ba sai da muka kusa Kwatano. Abin da ya ɗaure mini kai a garin shi ne da rana ta take sai su rufe shaguna su tafi cin abinci da kishingiɗa, mai saye na tsaye ko a jikinsu. A Bodinga ka rufe rumfa ranar kasuwa ka tafi barci, kafin ka farka an kai labari gidanku cewa ba ka da lafiya.

Masaukina a Kwatano gidan wani Alhaji Isufu ne a Zongo, mai saukar da fataken albasa. Kakanninsa daga wajen Argungu suka fito, amma shi bai taɓa zuwa ba, kuma Hausarsa ta sha ruwan wasu harsuna har sai na kasa kunne sosai. Ya ba ni ɗaki, ya sa aka wanke mini kaya har sau biyu saboda warin albasa, kayan kuma suka ƙi bushewa. Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu kuwa jiƙa ka yake yi ya manne maka. 'Yan kabu-kabunsu duk riguna ruwan ɗorawa suke sawa, sun cika titi. Wani abu kuma da na lura da shi, in ka fita daga Zongo gaisuwa kalma ɗaya ce, ana jefa ta ana tafiya, ba mai tsayawa ya ji amsa. Na gani, na yi mamaki, amma ban kawo komai a raina ba.

Zauren taron babba ne mai sanyi, kowa da teburinsa da allonsa. Wata mace mai suna Madam Rozin ce ke kula da mu, mai kirki amma kullum a guje take. Maƙwabcin teburina wani Kofi ne daga Gana, dogo mai sanyin magana, da Turanci muke fahimtar juna. Aka buɗe ƙofa mutane suka shigo, na gyara tsayuwa ina jiran a fara jin tsohona.

Na farkon da ya zauna wani saurayi ne. Ya kori shanu ya isa rijiyar farko, inda wata tsohuwa ke zaune. A gem ɗinmu in ka iso wurin mutum maɓallai biyu ke fitowa, ɗaya da hoton hannu a ɗage, wato sallama, ɗaya da alamar tambaya. Saurayin ya danna tambaya kai tsaye. Tsohuwar ta ce masa "Allah masani," ta juya baya. Ya sake dannawa, ta sake juya baya. Ya wuce wurin na gaba, haka. Ya yi ta yawo a daji ba wanda ya gaya masa inda ruwa yake, shanu suka fara faɗuwa da ƙishi, ya tashi yana girgiza kai. Ta biyu ma haka ta yi, na uku ma haka. Wani ya ce mini zanen ya yi kyau amma duniyar fanko ce. Wata ta ce tana jin akwai matsala a haɗin, mutanen ba sa aiki.

A nan na gane abin da muka yi. Mu mun gina shi ne yadda rayuwa take. Sai ka yi sallama, ka cire takalmi, ka zauna, ka tambayi kwana, ka tambayi gajiya, ka tambayi gida da dabbobi, kowace ka jira amsa, sannan mutum ya buɗe maka abin da ya sani. Ba mu rubuta wannan ko'ina ba. Me za mu rubuta? Duk waɗanda suka gwada mana gem ɗin a Bodinga da Shagari, tela da mai faci da malaman makarantar Hadiza, babu ko ɗaya da ya taɓa danna tambaya kafin sallama. Ba mu taɓa ganin tsohuwar nan ta juya wa kowa baya ba sai ranar da muka gwada da gangan muna dariya. Yini guda cur, ba wanda ya ko ji cewa akwai wata tsamiya, balle ya isa gare ta.

Da jama'a suka ragu Kofi ya ce in zo in gwada nasa. Nasa burtali ne tsantsa. Kai yarinya ce da ambaliya ta raba da uwarta, hanya ɗaya ce, ba dama ba hagu. Na zauna da niyyar in ga aibinsa, kafin in ankara idona ya cika da hawaye, don ya san daidai inda zai sassauta da inda zai matse, kuma duk wanda ya zauna sai ya kai ƙarshe. Da na tashi ya ce mini, "Ɗan'uwa, mai ba da labari shi ke da alhakin kai mai saurare inda labarin yake. Kai ka ɓoye abu mafi kyau da kake da shi a bayan daji, ka ce wa mutane su nemo. In ba su samu ba, laifin wa?" Na ce masa abin da mutum ya nemo da ƙafarsa ya fi zama a zuciyarsa fiye da wanda aka ɗura masa. Ya ce gaskiya ne, ga wanda ya samu. Sauran fa? Na yi ta kawo hujja har muryata ta fara tashi, amma a cikina na san ba ƙarya ya faɗa ba.

Na kira Hadiza da la'asar. Na shirya jin "ai na gaya maka," kuma ta faɗa, amma sau ɗaya kawai. Sannan ta ce, "Yaya, Kaka na tambaya kullum ko an ji shi. Mi za ni ce mishi? Ka matso da shi bakin hanya." Na koma masauki na zauna na yi aikin. Na toshe dajin, na ja shinge dama da hagu, na sa kibiya, na cire maɓallin sallama, na ɗauko tsamiyar da tsohon na dasa su a gaban mai wasa. Da ka iso zai fara magana, kuma ba ka iya wucewa sai ya gama.

Rana ta biyu kowa ya isa wurinsa. Alƙalan taron suka zo suka gyaɗa kai, Madam Rozin ta ce yanzu abin ya fito. Ni kuwa ina tsaye ina kallon abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Tun da ba sa iya wucewa, kuma ba abin da aka nema daga gare su, sai hannuwansu suka nemi abin yi. Wannan ya riƙa sa mutuminsa na cikin allon yana tsalle a gaban tsohon. Wancan ya kora shanu suka bi ta kan tabarmar. Wata ta juya wa allon baya tana ɗaukar kanta hoto, daidai wurin da muryar kakana ke rawa yana faɗin yadda aka ɗauko ƙanensa daga ruwa. Ba mugaye ba ne, ko kusa. Ba wanda ya gaya musu a gaban wa suke. Ni ne na ɗauki dattijon da ko hakimi ba ya yi wa tambaya a tsaye, na zaunar da shi a bakin titi yana zuba cikinsa ga waɗanda ko sallama ba su yi masa ba. Kunya ta kama ni har na kasa cin abincin rana.

Kofi ma ya gani. Ya ce a ganinsa maganin shi ne ɗan gajeren burtali a farko, a koya wa baƙo gaisuwa a hankali, sannan a sake shi a daji. Shawara ce mai kyau, amma ba aikin yini ɗaya ba ne, kuma saura rana ɗaya a tashi. Da asuba na mayar da komai yadda yake, na mayar da tsohon gindin tsamiyarsa. Na rubuta a wani kwali da Turanci da Faransanci cewa a gaisa kafin a yi tambaya, na jingina shi a tebur. Da na gaya wa Hadiza sai ta ce Allah shi sa haka ya fi alheri.

Kwalin ya ɗan taimaka. Mutane suka riƙa danna hannun sau ɗaya, da suka ga akwai sauran gaisuwa a gaba kuma sai an jira amsa, sai haƙurinsu ya ƙare. Har bayan azahar ba wanda ya wuce rijiya ta biyu. Na fara shirya abin da zan faɗa a Shagari.

Sai ga wani mutum, ba yaro ba, da furfura kaɗan a gemu, da tabarau da riga mai kyau. Katin sunansa na rataye a wuya amma ya juya baya. Kwalina ma a lokacin ya faɗi ƙarƙashin tebur, bai gan shi ba. Ya zauna ya sa abin saurare a kunne, ya kori shanu a hankali, ya isa wurin tsohuwar rijiya. Ya danna sallama. Ta amsa. Ya tambayi kwana, ya jira. Ya tambayi gajiya, ya jira. Na ga leɓensa na motsi, ashe amsawa yake yi a hankali. Tsohuwar ta kwatanta masa mashigin rafi, wanda ya tarar a rafin ya tura shi wurin wani maharbi, ya ɓata hanya ya dawo, bai yi fushi ba. Waɗanda ke jira a bayansa suka gaji suka watse.

Da maharbin ya ce masa akwai wani tsoho a gindin tsamiya yamma da hanya, sai ya juya garken gaba ɗaya ya nufi can. Ya yi sallama. Mutumin cikin allon ya cire takalmi zai zauna, na duba ƙarƙashin tebur na ga shi ma ya zare ƙafafunsa daga nasa takalman, ban jin ya san ya yi. Ya gaisa har ƙarshe. Sannan kakana ya fara magana, mutumin ya ɗauke hannuwansa daga kan maɓallan ya ɗora a cinya, bai sake motsi ba har aka kai wurin godiyar.

Ya cire abin kunnen, ya cire tabarau ya goge fuska. Ya dube ni ya ce da wata Hausa mai tsallen baƙunta, "Allah ya jiƙan Jaɓɓi." Na ce amin. Ya ce, "Tsohon yana da rai?" Na ce yana da rai. Ya ce, "Ka gaishe shi. Mu a garinmu, can bakin kogi…" Daidai nan Madam Rozin ta iso a guje ta ce alƙalai na jirana, sunana aka kira, in ban zo yanzu ba an wuce ni. Na ce wa mutumin ina zuwa, na bi ta. Da na dawo kujerar ba kowa. Na zaga zauren, na fita har bakin titi, na tambayi Kofi, ya ce ya ga mutumin ya jira na ɗan lokaci sannan ya duba agogo ya fita. Gem ɗinmu bai shiga cikin waɗanda aka zaɓa ba, ga amsar masu tambaya. Na Kofi ya shiga, kuma ya cancanta.

Dawowa ba ta da labari. Motar haya na bi, na sauka a Shagari ban ko wuce gida ba. Na tarar tsohon ya ƙara ramewa, Hadiza na gefensa tana yi masa fifita. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mai masaukina da iyalinsa, bai yi gaggawa ba. Sai da aka kawo mini ruwa na sha sannan ya ce, "Tau, abokina. Sun ji ni?"

Na gaya masa duka, ban rage ba, har da ranar da na dasa shi a bakin hanya da abin da aka yi a gabansa. Da na zo kan mutumin nan sai ya buɗe ido sosai.

"Ya gaishe ni?"

"Ya gaishe ka, Kaka, har ƙarshe. Har takalmi yah hidda. Ya ce Allah shi jiƙan Jaɓɓi, ya ce in gaishe ka. Ya ce garinsu bakin kogi yake."

Ya yunƙura kamar zai tashi. "Wane gari? Mi as sunanai? Ɗan wa na?"

Na sunkuyar da kai. Na ce ban tambaya ba, an kira ni.

Ya daɗe yana kallona. Ba faɗa ya yi ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce, "Baƙo yaz zo wurina, yaz zamna bisa tabarmata, kab bar shi yat tahi ba ka san sunanai ba? Ko ruwa ba ka ba shi ba?" Ni da na je ƙasar mutane ina jin haushin ba su iya gaisuwa ba, ga shi ni ma ban tambayi baƙo sunansa ba. Hawaye kawai na ji suna zubo mini, ban ɓoye su ba.

Ya ce mu ɗaga shi. Muka jingina shi da bango, ya ɗaga hannuwansa. "Ya Allah, kai ka san sunanai, kai ka san garinsu. Ka yi mishi albarka, shi da uwayenai da sunka koya mishi gaisuwa. In mutanensu na sunka rufe mini ƙanena, ka isar musu. In ba su na ba, ka isar ma waɗanda sunka yi." Muka shafa. Muna kwantar da shi ya riƙe hannun rigata ya ce, "In kun koma gyaran abin nan, ku koya ma baƙi gaisuwa, wannan ba laihi. Amma kada ku sake matso ni bakin hanya. Ku bar ni inda nike. Mai zuwa shina zuwa."

Malam Modi ya rasu kafin ruwan farko ya sauka. A cikin gem ɗin yana nan inda ya ce a bar shi, gindin tsamiya yamma da hanya, ba ya cewa komai sai an yi masa sallama.